Faɗa-wuta Mai Ƙoƙon Kai a Ɗakin Inna

Ƴaƴana, na san abin da ya sa dangin yaron da ya nemi auren ƴar'uwarku Halima suka tafi Matameye binciken asali da fara'a, suka dawo da gaisuwa mai sanyi. Ku ma kun sani, sai dai a bakin mutane kuka tsince shi gutsure-gutsure, kunya kuma ta hana ku tambayata. An gaya musu kakarku mayya ce. An ce ni na sha a nono, ku kuma da yake ta wajen uba kuka samo, an yi muku rangwame: kuna ganin hanjin mutum, amma ba ku iya ci. Ina gode wa masu wannan hukunci bisa sassaucin da suka yi muku. Ga yadda abin ya faru. Zan rubuta shi sau ɗaya tun idona yana bin layi, wanda ya ga dama ya karanta wa surukansa.

Inna ƴar Icirnawa ce, aure ya kawo ta Matameye. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ya bar mata ni, da gida mai ɗaki biyu, da amyoyin zuma rataye a kan gawo da tsamiya a bayan gari. Ba ta sake aure ba, ba ta kuma koma garinsu ba, abubuwa biyu da gari bai taɓa yafe mata ba, ko da yake bai faɗa ba. Wani mutum ne yake hawa ya ɗebo mata zumar su raba, ita kuma ta tace ta zuba a tuluna a ƙuryar ɗakinta, tana sayarwa, tana yin nakiya da alkaki na biki. Mai zuma kowa yake ce mata. A bayan ɗakin nan tana da ƴan kunyoyin gauta, a jikin danga kuma zaƙami ya fito da kansa, ba ta taɓa damuwa ta cire shi ba. Ku riƙe waɗannan biyu, zuma a ciki da gauta a waje, domin iyakar maitar kakarku ke nan.

Lokacin da Nasara suka ce kowane gari ya kawo yara lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, manyan Matameye sun zauna sun duba gari kaf, suka ga babu wanda ya cancanci ilmin Faransa kamar marayan da ba shi da mai yi masa magana. Haka na sami gatan da ake yi mini hassada a kansa daga baya. Malaminmu wani siririn Bafaranshe ne mai tari, wanda ya fi son ƙwari da yara, kuma ban ga laifinsa ba, ƙwari ba sa satar alli. Yana da akwatuna masu murfin madubi, cike da malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta, kowanne an soke shi da allura an rubuta sunansa a ƙasa. A wurinsa na koyi cewa duk ƙwaron nan mai fiffike hawa huɗu yake yi: ƙwai, sannan tsutsa, sannan ta rufe kanta cikin ƙwanso kamar matacciya, sannan ta fito da fiffike. Mun haddace wannan muna rerawa kamar lissafi, babu wanda ya zaci zai yi masa amfani, balle ya cuce shi.

Shekarar da nake ba ku labari na gama karatu, ina jiran a tura ni koyarwa, na zo gida hutun damina da gemu ɗan tsiro da takalmi mai igiya. Mutanen unguwa suna ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, ba don girmamawa ba. Katanga ɗaya ta raba mu da gidan Maman marini, mutumin da hannunsa ya rine da baba har gwiwar hannu, mai yawan dariya, wanda ya ɗauki makarar mahaifina. Yana da ƴa, Rabi, yarinya ce da ta fara fita talla. Wata rana da hantsi aka aiko ta sayen zuma. Inna tana daka, ta ce mata ta shiga ta ɗauko ludayi a bayan ƙyaure. Yarinya ta miƙa hannu cikin duhun bayan ƙofa, ta taɓa wani abu mai taushi a jikin bango, abin ya yi ƙara kamar ɓera da aka taka. Ta duba, ta ga fuskar mutum tana kallonta. Ihun da ta yi har marina an ji.

Na shiga na kife shi da ƙwarya, na fito da shi haske, kuma ba zan ɓoye muku ba, murna na yi, domin wanda ke akwatin malaminmu tsoho ne mai yagaggen fiffike. Faɗa-wuta ne, amma ba irin ƙananan nan masu ƙonewa a fitila ba. In ya buɗe fikafikansa ya kai tafin hannun babban mutum. Na sama baƙi-baƙi ne masu dabbare kamar ɓawon icce, na ƙasa ruwan ɗorawa da zane baƙi biyu. Cikinsa ya kai kaurin babban yatsa, da zobba na rawaya da baƙi, da layi shuɗi-shuɗi a tsakiya. A gadon bayansa, tsakanin fikafikan, akwai tabo fari-fari da ɗigo biyu baƙaƙe, wanda duk mai ido zai ce ƙoƙon kan mutum ne. Yana da ɗan'uwa mai kama da shi a girma, wanda tsutsarsa ke cin ganyen dankali, amma wancan toka-toka ne, zobban cikinsa ja-ja, bakinsa dogon zare ne na shan furanni, kuma bebe ne. Wannan bakinsa gajere ne mai kauri, na huda saƙar zuma, domin ɓarawon amya ne, kuma yana kuka ta hanyar jan iska da fesar da ita ta bakin nan. Masana suna kiransa Acherontia atropos. Kalmar farko daga sunan wani kogi ne na lahira a tatsuniyar Yunanawa, ta biyu kuma tsohuwar da suka ce tana yanke zaren rai. Wato mutanen da suka ƙetaro teku domin su raba mu da camfi, su ma da suka ga ƙwaron nan sai da suka tsorata.

Na sake shi a bayan gida, aka yi dariya, aka ba Rabi nakiya ta yi shiru. Bayan ƴan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da ita, irin na damina mai naci, wanda yake riƙe yaro wata guda kafin ya yanke shawarar kashewa ko saki. Aka yi jiƙo, aka yi rubutu, aka kira wani boka daga ƙauye ya turara mata hayaƙi yana tambayarta wa take gani. Yarinya da jikinta ke ƙuna kamar garwashi, me za ta gani in ba abin da ya fi ba ta tsoro a rayuwarta ba? Ta ce fuskar nan, fuskar ɗakin Mai zuma. A al'adarmu in marar lafiya ya kama sunan mutum, shari'a ta ƙare. Saura magani, kuma maganin sananne ne: wanda aka kama ya tuɓe a gaban jama'a ya tsallake marar lafiya, ya kurkure baki a ba shi ya sha, wai kurwar da aka kama ta koma jikin mai ita.

Maman da kansa ya zo, da mutane a bayansa har sun cika lungu. Bai ɗaga murya ba. Idonsa ya yi ja don rashin barci.

"Mai zuma, ba faɗa ya kawo ni ba. Shekara da shekaru muna ɗiban wuta a gidan juna. Ki taimaka ki tsallake ta, kowa ya huta."

"In tsallake ta a matsayin wa, Maman?"

"A matsayin maƙwabciya."

"Sauran maƙwabtan naka sun tsallaka, ko ni kaɗai Allah ya ba ƙafa?"

"Ke ta kira."

"Ni na yanke mata cibiya ranar da aka haife ta. Da ina cin mutane, da na ci tun tana da taushi."

Wata mata daga baya ta ce, "Kun ji ko? Har ta san lokacin da ya fi daɗi!"

Inna ta juya ta shiga ɗaki. Na bi ta. Ba ta kiran sunana, da yake ni ne ɗan fari. Ta ce:

"Kai wannan, in na tsallaka ta tashi, ni na sake ta. In na tsallaka ta mutu, ni na cinye. Ba zan kwance zanena a gaban yaran da na yi wa wanka ba."

Wannan shawara tata ce, kuma har yau ban ga wadda ta fi ta ba. Tawa ita ce ta biyo baya. Na san hanyoyi biyu. Ta farko, in kai ƙara wurin Nasara, tun da ina jin harshensu; kalma ɗaya ta isa a turo gardi, dogarin Nasara, a tasa ƙeyar Maman zuwa aikin hanya. Da na furta, Inna ta ce in na kawo mata gardi ƙofar gida maitarta ta zama biyu, ta gado da ta bulala. Saura ta biyu, wadda a lokacin na ɗauka ba ta da illa: in nuna wa mutane gaskiya da idonsu.

Washegari aka taru a zauren mai gari. Na durƙusa kamar kowa, takalmina a waje.

"Ranka ya daɗe, abin da yarinyar nan ta gani ƙwaro ne. Uwarsa tana saka ƙwai a ganyen gauta da zaƙami. Ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta ci ganye ta ƙoshi ta shiga ƙasa, ta fito da fiffike. Ƙanshin zuma ya kai shi ɗakin tsohuwata."

"Mushe ya buɗe lakwal," in ji wani. "A kawo masa allo."

Liman, wanda dattijo ne mai sanyin hali, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Yaro, mun san tsutsar tsamiya tana saƙa wa kanta gida, ba yau muka zo duniya ba. Amma ba mu taɓa jin ta yi kuka ba, ba mu kuma ga ta ɗauki kan mutum a bayanta ba."

"Allah ya gafarta Malam, a ba ni tukunya da ƙasa. In sa tsutsar a gabanku, ka ɗaure bakin da hannunka, ta zauna a zaurenka. In abin da ya fito ba shi ne wanda Rabi ta gani ba, ni da uwata mu bar gari."

Maman ya ce, "Kafin nan ƴata fa?"

Mai gari ya dube ni. Na san abin da yake aunawa: ni yaron Nasara ne, bai san iyakar hannuna ba. Ya ce a yi tukunyar, kada kowa ya taɓa Mai zuma sai an buɗe.

Neman tsutsar bai yi wuya ba ga wanda ya san abin da zai duba. Ba a sama ake farawa ba, a ƙasa ake neman kashinta, baƙi mai tsaga-tsaga kamar tsabar dawa, sannan a ɗaga kai a ga reshen da aka yi wa aski. A bayan ganye na ga ƙwayayen, ɗaiɗai, kore-kore, ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Ita kuma tsutsar tana manne da kara, ta fi dogon yatsa tsawo, ruwan ɗorawa mai sirkin kore, da zane shuɗi a karkace a kowane gefe suna haɗuwa a gadon baya. A wutsiyarta akwai ƙaho mai ƙurji-ƙurji, ya lanƙwasa ƙasa ya sake ɗagowa. Ƙahon mai cin dankali sumul yake, lanƙwasa ɗaya. Da na taɓa ta sai ta ɗaga gabanta ta sunkuyar da kai, kamar alƙalin da aka kawo wa ƙarar da ba ya so. Saboda wannan zama ne Turawa suka kira dangin duka da sunan gunkin dutsen nan na Masar. Na duba gonakin wasu domin in samo a can, ban samu ba. A gautar Inna na ɗauko ta, kuma a gaban kowa na faɗi haka da aka tambaye ni, domin gaskiya ce.

A zauren Liman ta ci ganye na ƴan kwanaki, yara suna leƙe ana korarsu. Sannan ta daina ci, launinta ya dushe, ta shiga zagaye tukunya kamar mai neman ƙofa, ta sa kai cikin ƙasa mai laima ta ɓace. Na kafa mata ɗan kara domin abin da zai fito ya sami wurin hawa ya shanya fiffike. Bayan kamar mako na roƙi Liman muka tone a hankali a gaban shaidu. Ga ta a cikin ɗan rami da ta shafe wa kanta, ta zama ƙwanso ja-ja mai sheƙi kamar dabino. Na taɓa, wutsiyar ta motsa. Ɗan aiken mai gari ya yi baya yana a'uziyya, yana cewa an binne abu ga shi yana motsi a kabari. Na yi masa bayani da haƙuri irin na malamin da bai fara aiki ba. Muka mayar da ƙasa, Liman ya rufe da ƙyalle ya ɗaure da igiyar rama.

Jiran nan shi ne abin da ban iya kwatanta muku ba. Babu wanda ya zage mu. An dai daina zuwa. Tulunan zuma suka zauna a cike, mai hawa amya ya aiko cewa ƙafarsa tana ciwo, kuma ta yi ta ciwo har muka bar garin. In Inna ta je rijiya sai mata su tuna sun bar tuwo a wuta. In ta wuce lungu sai ka ji ana kiran yara da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ta katanga muna jin nishin Rabi, muna jin uwarta tana kuka tana cewa ga magani a bayan bango an hana. Inna takan tsaya da muciya a hannu tana saurare har tuwo ya kama. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, matar nan da ba ta taɓa ganin amfanin lakwal ba, wadda take ce wa littattafaina abincin gara, a wannan karon ta yarda da ni. Kowace safiya takan ce:

"Kai wannan, je ka gaida baƙuwarka. Ta yi motsi?"

"Da saura, Inna."

"To, ba a gaggauta mai jego. In ta fito su gani da idonsu, ai shi ke nan ko?"

"Shi ke nan, Inna."

Gero ya fara fitar da kai sa'ad da Liman ya aiko cewa yana jin karce-karce a tukunya. Aka sa buɗewa bayan la'asar. Inna ta yi wanka ta ɗaura zanenta na saƙi wanda take zuwa suna da shi, ta tsaya a gefen mata, su kuma suka bar mata fili kamar sarauniya. Liman ya kwance igiyar da hannunsa ya ɗaga ƙyallen. Ga shi a kan kara, fikafikansa sun bushe sun kwanta, sabo ƙal, ƙoƙon kan nan fes kamar yanzu aka zana. Na sa yatsa ya hau, na ɗaga shi sama, na ɗan matsa shi. Ya yi kukan. Zaure ya watse baya, wani ya taka wani, mai gari ya riƙe rawaninsa. Ƙwaron ya shiga kaɗa fikafikai yana ɗumama jiki, kafin in rufe hannu ya tashi, ya zagaya sau ɗaya, ya fita ta ƙofa, ya haye katangu ya nufi unguwarmu. Ina zai nufa in ba inda zuma take ba? Sai dai gidan da ke jikin namu na Maman ne, kuma duk wanda ke tsaye a ƙofar Liman ya ga inda ya sauka da idonsa.

"Kun gani," na ce cikin murna.

"Mun gani," in ji mai gari.

Liman ya daɗe yana kallon cikin tukunya, inda fasasshen ƙwanson yake. Ya ce, "Tsutsa ta shiga, wannan ya fito, ba ni da ja. Amma yaro, wa ya zana fuskar?"

"Wanda ya zana ta damisa, Allah ya gafarta Malam."

"Haka ne," ya ce.

Ranar nan Inna ta yanka kaza. Ta ci har da tanɗe yatsa, ta ce gobe in raka ta kasuwa da tulu biyu. Da gari ya waye muka ji guɗa ta katanga. Rabi ta yi gumi, ta buɗe ido, ta ce a ba ta fura. Zazzaɓin ya cika kwanakinsa ya sake ta, kamar yadda yake sakin wanda Allah ya nufa da sauran kwana. Inna ta ɗaga hannu tana hamdala, hawaye yana zuba. Ni kuma na zauna ina lissafin nasara biyu a kwana ɗaya.

Da rana ta ɗaga sai ga sallama. Maman ne, da mutanen da suka fi na ranar farko yawa. Yana riƙe da zakara, wani yana ɗauke da ƙwaryar gero, a kafaɗarsa kuma zane baƙi mai sheƙi, wanda ya fi kowanne kyau a cikin abin da ya taɓa rinawa. Ya durƙusa a gaban Inna, dattijo da shi, gwiwa biyu a ƙasa.

"Mai zuma, na gode. Allah ya saka. Jiya kowa ya ga kurwar ta fito daga tukunya ta komo gida. Ba mu riƙe ki da komai ba, wallahi. Abin gado ne, ba ke kika ɗora wa kanki ba."

Ya juyo gare ni.

"Kai kuma Mushe, Allah ya yi maka albarka. Ka fitar mini da ƴa, ka kuma rufa wa uwarka asiri ba a tuɓe ta ba. Ɗa ke nan."

Jama'a suka amsa da amin. Na buɗe baki zan sake karanto musu hawa huɗu, sai na ga fuskokinsu. Babu ƙiyayya a ciki ko kaɗan. Sun gamsu ne. Sun ga an ɗauko tsutsa daga gautar Mai zuma, inda ta ɓoye kurwar. Sun ga an binne ta tana motsi, daidai lokacin da yarinya take tsakanin rai da mutuwa. Sun ga ta fito da kuka ta tashi ta koma gida, yarinya ta miƙe. Kowane mataki a gaban shaidu, da ɗaurin Liman. Ban taɓa ganin hujja mai tsabta irin wadda na shirya musu ba.

Inna ta dubi zakaran, ta dubi zanen. In ta karɓa ta amsa laifi. In ta ƙi, an ce har yanzu da fushi a cikinta, kowa ya tsare ɗansa. Ta ce, "Allah ya raya ta, Maman." Ta shiga ɗaki ta tura ƙyaure. Suka ajiye kayan a tsakar gida suka tafi suna yaba haƙurinta. Zakaran ya yini yana yawo da igiya a ƙafa.

Na koma wurin Liman, domin shi kaɗai na ga alamar ya fahimta. Ya ce shi dai abin da ya gani ya gani, amma gari ya kwanta, yarinya ta tashi, tayar da magana ba alheri ba ne. Ya yi mini addu'a mai tsawo. Kafin kaka mutum biyu sun zo mini a ɓoye, suna roƙon in yi wa ƴaƴansu marasa lafiya aikin tukunya. Da na koma Damagaram na ba malaminmu labari tun daga farko. Ya saurara da kyau, ya yi tari, sannan ya tambaye ni ko ƙwaron namiji ne ko mace, ya kuma nuna baƙin cikinsa da na bar sabon fitowa ya tashi ba a soke shi ba.

Da aka yanke gero na zo da jakuna biyu na ɗauke Inna. Amyoyin mahaifina muka bar su a kan itatuwa, ban san wanda ya ci ba, amma na tabbata bai ji tsoron zumar ba. Shekaru da yawa bayan haka aiki ya bi da ni ta kasuwar Matameye, wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta gane ni. Rabi ce. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ta ce ba ta manta alherina ba, ta yi wa Inna addu'ar rahama. Duk tsawon gaisuwar nan hannunta ɗaya yana jan gefen mayafi a kan fuskar jikan da ke gefenta.

A Damagaram babu wanda ya san labarin, amma Inna ta sani. Ba ta ƙara sayar da abin da ake ci ba, ba ta ƙara shiga gidan haihuwa ba. Ku da kuka tashi a gabanta kun ce mini kakarku ba ta da sakin fuska, ba ta taɓa goya ɗayanku ba, ba ta taɓa ba ku loma a baki ba. Na ji kuna faɗa kuna yara, na yi shiru. Ranar sunan babbanku, uwarku ta naɗo shi a zane ta kawo mata, mata cike da ɗaki. Inna ta miƙo hannu biyu har sun taɓa zanen, sai ta janye su ta mayar bayanta ta riƙe ɗaya da ɗaya.

"Ajiye shi nan a tabarma, ƴar nan," ta ce. "Ina ganinsa daga nan. Damina ta kusa, yara suna zazzaɓi."